Ilmin Wanda Wuta Ta Ƙona

A cikin shekarar 1956 aka kai wani saurayi ɗan shekara 19, mai suna Paul Hunt, wani gidan naƙasassu da ake kira Le Court, a yankin Hampshire na ƙasar Ingila, bayan ya daɗe cikin wani ɗakin asibiti tsakanin tsofaffi waɗanda ba a sa ran tashinsu, domin ciwon nan mai cinye ƙarfin tsoka sannu a hankali ya zaunar da shi a kan keke tun yana yaro. Gidan nan kuwa ba gidan mugunta ba ne. Wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi, Leonard Cheshire, shi ya assasa shi a 1948 da kyakkyawar niyya, akwai abinci, akwai shimfiɗa, akwai masu jinya, har mutanen gari suna ambatonsa da alheri. Amma mazauna gidan, waɗanda ƙafa ko hannu ne ya gaza musu alhali hankali da basira suna nan garau, sai suka wayi gari ba su da ta cewa a kan lokacin da za su kwanta barci, ko fita ƙofar gida ba tare da an sanar da wani ba, ko wanda za su yi abota ko soyayya da shi, balle a yi zancen kujera cikin kwamitin da ke tafiyar da gidan da yake shi ne duniyarsu duka.

Da jayayya ta yi tsawo tsakaninsu da shugabannin gidan, sai mazaunan suka yi abin da duk mai ganin girman ilmi zai yi, watau suka nemi masana su zo su duba lamarin, suna kyautata zaton cewa mutumin da ya yi zurfin karatu, ba shi kuwa da rabo cikin rigimar, in ya ga gaskiya zai faɗe ta. Masana biyu na Cibiyar Tavistock ta birnin Landan, Eric Miller da Geraldine Gwynne, suka karɓi aikin, suka yi shekaru suna zaga irin waɗannan gidaje, suna tambaya suna rubutawa, har a 1972 suka fitar da littafinsu mai suna A Life Apart. Abin da suka ƙulla a ciki shi ne, wanda aka kai irin wannan gida ya riga ya mutu a idon jama'a ko da yana numfashi, aikin gidan kuwa ya rage masa zafin zaman jira tsakanin wannan mutuwa da ta biyun. Sun zargi gidajen da ke ajiye mutane kamar kaya a sito, sun nemi a sassauta, amma ba su taɓa asalin mas'alar ba, watau dalilin da zai sa a ware baligi mai hankali daga cikin jama'a tun farko; har ma sun siffanta naƙasassun da masu rayuwa a jikin wasu. Paul Hunt, cikin martanin da ya rubuta, wanda bai fito ba sai a 1981, shekara biyu bayan mutuwarsa, ya juya musu kalmarsu, ma'anar maganarsa kuwa ita ce, in ana neman kaska cikin wannan al'amari, to, a dubi wanda ya zo ya tsotsi labarin mutane, ya sami littafi da suna da ƙarin girma, ya tafi ya bar su yadda ya same su.

Na fara da wannan labari ne domin daga irinsa aka soma tambayar da ta canja yadda ake bincike da yadda ake koyar da aikin jin daɗin jama'a a ƙasashe da yawa, watau aikin waɗanda ake horarwa su tsaya wa marayu, da naƙasassu, da masu taɓin hankali, da tsofaffi, da matan da aka zalunta, da duk wanda rayuwa ta kayar. Tambayar ita ce, shin wanda abin ya ci a jikinsa abin bincike ne kurum, ko kuwa shi ma ma'abocin wani ilmi ne da ba a samunsa a wurin kowa sai a wurinsa? Malamanmu na da ba su bar mu cikin duhu a kan wannan ba, don sun kasa yaƙini kashi uku, suka buga misali da wuta: wanda aka ba shi labarinta ko ya hango hayaƙinta yana da ilmul yaƙini, wanda ya gan ta da idonsa yana da ainul yaƙini, wanda ta ƙona shi kuwa shi ne mai haƙƙul yaƙini. A cikin fiƙihu ma, malaman Malikiyya sun karɓi shaidar mata biyu ba tare da namiji ba a kan al'amuran da maza ba su halarta, kamar haihuwa, sun kuma yarda majinyaci ya dogara ga abin da ya jarraba a jikinsa wajen sanin ko ruwa zai cuce shi ya koma ga taimama, ko azumi zai ƙara masa ciwo ya sha. Ashe ke nan wanda ya ce a saurari mai abu bai zo da bidi'a ba.

Hunt ya bar Le Court a 1970, ya yi aure, ya kama gidansa, a watan Satumba na 1972 kuma ya aika wa jaridar Guardian 'yar gajeruwar wasiƙa yana kiran naƙasassun da ke cikin irin halinsa su haɗa kai. Daga amsoshin da suka zo aka kafa ƙungiyar da ake taƙaita sunanta UPIAS. Cikin waɗanda suka amsa har da Vic Finkelstein, mutumin Afirka ta Kudu, wanda gwamnatin wariyar launin fata ta ɗaure shi yana kan kekensa na guragu kafin ya yi hijira zuwa Ingila a 1968, shi kuwa bai sha wahalar ganin kama tsakanin ware baƙar fata da ware naƙasassu ba. 'Yan wannan ƙungiya su suka rarrabe abu biyu da mutane suka saba gamawa, watau raunin gaɓa, wanda yake a jikin mutum, da naƙasa, wadda jama'a ke ɗora masa da matakalar da keke ba ya hawa, da makarantar da ba ta karɓarsa, da ma'aikatar da ba ta ɗaukarsa. Wani malami, Mike Oliver, wanda shi ma ya karya wuya yana saurayi, shi ya ɗauki wannan fahimta ya shiga da ita aji yayin da yake koyar da ma'aikatan jin daɗin jama'a a Jami'ar Kent, ya kuma rubuta musu littafi a kanta a 1983. Ya taɓa ɗaukar tambayoyin wata ƙidayar naƙasassu da gwamnati ta yi ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ta yadda inda aka tambayi mutum ko ciwonsa na hana shi hawa motar haya, shi sai ya tambaya ko yadda aka ƙera motar ne ke hana shi. Da haka ya nuna cewa wanda ya tsara tambaya ya riga ya yanke inda laifi zai faɗa tun kafin a buɗe baki. Kiran nan da naƙasassun Afirka ta Kudu suka shahara da shi, cewa kada a yanke kome a kanmu ba tare da mu ba, shi ne daga baya ya shiga ruhin yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, wadda ta wajabta wa gwamnatoci shawartar naƙasassu da ƙungiyoyinsu kan dokokin da suka shafe su.

Amma hujjar da ta fi gamsar da ni daga fagen ciwon ƙwaƙwalwa ta zo. Akwai wani magani da aka fara a 1938, ana yi wa masu matsanancin ciwon damuwa, inda a yau akan sa wa majinyaci maganin barci sa'an nan a ratsa ƙwaƙwalwarsa da lantarki na ɗan lokaci ƙanƙane. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila ta daɗe tana bayyana wa jama'a cewa fiye da takwas cikin goma na waɗanda aka yi wa suna jin amfaninsa, mantuwar da yake jawowa kuwa ba abar tada hankali ba ce. A 2001 aka buɗe wani sashe mai suna SURE a cibiyar nazarin ciwon ƙwaƙwalwa ta King's College a Landan, wanda galibin masu bincikensa mutane ne da su kansu suka yi jinyar taɓin hankali, cikinsu har da Diana Rose, wadda daga baya ta zama farfesa a wannan fanni. Aka ba su aikin duba abin da majinyata ke cewa game da maganin, biyu daga cikin masu binciken kuwa an taɓa yi musu shi. Suka tattara bincike 26 da likitoci suka yi, da guda 9 da majinyata suka yi ko aka yi tare da su, suka buga sakamakon a mujallar BMJ a 2003.

Abin da suka lura da shi, wanda ya daɗe a gaban idon kowa ba a gan shi ba, shi ne yawan masu cewa sun gamsu yana hawa yana sauka gwargwadon wanda ya yi tambayar, da inda aka yi ta, da lokacin da aka yi ta. In likitan da ya yi maka maganin shi ne ya zo bakin gadonka, kwana kaɗan bayan an gama, da 'yar takarda mai tambaya ƙalilan, kai kuwa kana ɗokin a sallame ka, kana gudun kada a ce jikin bai yi sauƙi ba a ƙara maka kwanaki, kana kuma jin nauyin mutumin da ya wahala a kanka, to, labudda za ka ce ka ji daɗi. In kuwa bayan watanni ne, kana gidanka, wanda ya tambaye ka ɗan'uwanka ne a ciwo, ya ba ka sarari ka yi bayani, sai wata magana ta fito. Suka sami cewa aƙalla kashi ɗaya cikin uku na majinyata suna kukan mantuwa mai ɗorewa, a wani nazarin da ya biyo baya kuma suka nuna cewa wajen rabinsu suna ganin ba a yi musu isasshen bayani ba, kusan sulusi kuwa sun ji kamar ala tilas suka sa hannu a takardar yarda. Masu binciken nan ba su ce maganin ba shi da amfani ba, don akwai waɗanda ya cece su. Abin da suka rushe shi ne alƙaluman da aka gina a kan amsar mai jin tsoro. Hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin magani a Ingila, ta yi la'akari da aikinsu cikin ƙa'idar da ta fitar a 2003, ta tsananta sharuɗɗan neman yardar majinyaci. Likitocin ba jahilai ba ne, ba kuma maƙaryata ba. Sai dai babu ɗayansu da ya taɓa kwanciya a wannan gado yana ƙirga kwanakin sallama.

Ta fuskar koyarwa kuwa, Ingila ce ta mai da abin doka. A 2002 Ma'aikatar Lafiya ta fitar da sharuɗɗan sabon digiri na aikin jin daɗin jama'a, wanda aka fara a 2003 a madadin difilomar shekara biyu, ta kuma shar'anta cewa kowace jami'a ta sa waɗanda ake yi wa hidimar, da masu ɗawainiya da su a gida, cikin zaɓen ɗalibai, da tsara manhaja, da koyarwa, da shirya ɗalibi kafin ya fita aikin gwaji, da auna shi, da duba ingancin karatun baki ɗaya; gwamnati ta kuma ware wa kowace jami'a wani kaso na kuɗi kowace shekara domin wannan. Ƙungiyoyi irin su Shaping Our Lives, wadda aka kafa a 1996, suna daga cikin waɗanda suka yi ta turawa har aka kai nan. Ɗaya daga cikin jagororinta, Peter Beresford, ya kasance farfesa a Jami'ar Brunel, ya kuma yi shekaru yana jinyar ciwon ƙwaƙwalwa yana rayuwa da kuɗin tallafi, ra'ayinsa kuwa shi ne, gwargwadon nisan da ke tsakanin wanda ya ɗanɗana abu da wanda ya fassara shi, gwargwadon yadda labarin zai gurɓace. Duk wanda ya karanta ilmin hadisi ya san darajar isnadi mai gajeren zango, ba zai yi musun wannan ba.

Mai karatu ya ƙaddara ɗakin ganawa da masu neman shiga wannan karatu. Mutum uku ne a bayan tebur, malamin jami'a, da tsohon ma'aikaci, da wata mata wadda hukuma ta taɓa karɓe mata ɗa saboda shaye-shaye, daga baya ta shiryu aka mayar mata. Malami zai tambayi ɗalibi dalilin da ya sa yake son aikin, ma'aikaci zai tambaye shi abin da doka ta ce, ita kuwa matar tana duban abin da su biyun ba su duba: ko ɗalibin ya ɗaga ido ya dube ta da ya shigo, ko ya gaishe ta kamar yadda ya gai da malamin, ko in ita ta yi tambaya sai ya juya ya ba malamin amsa. In ta ce masa, ka zo ƙofar gidana maƙwabta suna zaune a waje, yaya za ka faɗi ko kai wane ne, to, ta ɗora shi a kan jarrabawar da babu littafin da ya shirya shi dominta. Abin da irin waɗannan malamai suke ta nanatawa, a jami'a bayan jami'a, ba ya wuce 'yan abubuwa da mai gaggawa zai raina: ka zo a lokacin da ka ce, in ba za ka iya abu ba ka faɗa, kada ka rubuta a fayil abin da ba za ka iya karanta mini a gabana ba, ka san cewa kai ne mutum na nawa da na ba wannan labari. Waɗannan su ne amana da cika alkawari da kiyaye mutunci, kuma a kansu aikin yake tsayawa ko ya faɗi.

Wasu sun ga wannan ma bai isa ba, domin har yanzu akwai tebur tsakani. A Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, a 2005 aka fara wani darasi da ɗaliban aikin jin daɗin jama'a ke zama aji ɗaya da mutanen da suka fito daga kurkuku, ko shaye-shaye, ko rashin matsuguni, ko ciwon ƙwaƙwalwa, dukansu a matsayin ɗalibai masu rajista, su ba juna tarihin rayuwarsu, su haɗu rukuni rukuni su tsara wani aiki na gyara al'umma, su gabatar da shi gaban alƙalai. A Faransa kuma akwai ƙungiyar ATD Quart Monde, wadda wani limamin coci, Joseph Wresinski, da ya tashi cikin baƙin talauci, ya kafa a 1957 tare da iyalan wani sansanin marasa gida a Noisy-le-Grand, bayan garin Faris. Hanyarsu ita ce talakawa su zauna su kaɗai su fara tace iliminsu, ma'aikata su zauna nasu, masana nasu, sa'an nan a gama, don sun gane cewa in an haɗa su tun farko mai digiri zai cinye zancen, talaka ya yi shiru don kunya. Da wannan hanya suka yi bincike tare da Jami'ar Oxford a ƙasashe shida, Bangaladash, da Bolibiya, da Faransa, da Tanzaniya, da Birtaniya, da Amurka, aka fitar da rahoton a 2019. Bayan rashin kuɗi da rashin aiki da kowa ya sani, talakawan suka sa wulaƙancin ofisoshin hukuma, da ƙasƙancin da jama'a ke nuna musu, da rashin ganin gudummawarsu, cikin ma'anar talauci ita kanta. A Sikotlan ma, binciken da aka yi kan yaran da hukuma ke riƙo, daga 2017 zuwa 2020, wata mata ce da ita ma hukuma ta riƙa, Fiona Duncan, ta shugabance shi, aka saurari fiye da mutum 5,500, fiye da rabinsu yara da manya da suka taso a wannan riƙo. Cikin kukan da ya fi yawa har da raba wa da ƙane, a 2021 kuwa doka ta fara aiki da ke wajabta wa hukumomi ƙoƙarin ajiye 'yan'uwa wuri ɗaya.

Ba zan ɓoye wa mai karatu aibin da ke cikin al'amarin ba, domin waɗanda suka fi kuka da shi su ne masu abin da kansu. Tun 1969 wata Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar da jama'a da tsani mai mataki takwas, ta nuna cewa na ƙasa yaudara ce, na tsakiya sanarwa da jin ra'ayi da lallashi, sai a na sama ne ake raba iko. Da yawan abin da ake kira shigar da masu abu bai wuce tsakiyar tsanin ba. Akan gayyato mutum sau ɗaya a shekara ya tsaya gaban ɗalibai ya buɗe cikinsa, ya ba da labarin ranar da aka ɗaure shi a gado ko ranar da aka ɗauke mata jariri, ɗalibai su share hawaye, a tafa, a yi masa godiya, ya koma gida da miki ɗanye babu mai tambayar yadda ya kwana, manhaja kuwa tana nan yadda take. Akan kira shi kwamiti bayan an riga an gama shawara, a tura masa takardu masu kauri daren taro, cikin yaren da sai ɗan gida ke ji. Mas'alar lada ma ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya, don kowa a ɗakin albashinsa na tafiya sai shi, in kuma an biya shi yana tsoron ofishin tallafi ya ce ashe yana iya aiki a yanke masa abin da yake ci da shi. Beresford ya rubuta rahoto a 2013 kan yadda fuskoki ƙalilan ne ake ta juyawa, masu iya magana, masu sauƙin sha'ani, a bar kurame, da tsofaffi masu ruɗewa, da 'yan gudun hijira, da waɗanda ke tsare, da masu fushin da ba ya daɗin ji.

Akwai kuma masu cewa mutum ɗaya ba ya wakiltar dubu, kuma wanda ciwo ya ci ba ya iya adalci a kan ciwon. Rabin maganar gaskiya ne. Wanda wuta ta ƙona ya san zafinta fiye da kowa, amma wannan bai sanar da shi yadda ta tashi ba, ko gida nawa ta ci a unguwa. Ana bukatar mai ƙirga da mai auna, ana bukatar shaidu da yawa domin wani ya cike giɓin wani, shi ya sa ma'abota wannan tafarki na ƙwarai suke koyon ƙa'idojin bincike, suna kafa ƙungiyoyi da za su riƙa komawa gare su. Sai dai ban taɓa jin an tambayi farfesa ko yana wakiltar dukan farfesoshi kafin a ba shi kujera ba, kuma labarin maganin lantarki ya isa shaida cewa mai farar riga ma yana da inda ya tsaya da abin da yake karewa.

Wannan magana ta shafe mu, ko da yake a wata ƙasa ta tsiro. Na taɓa tsayawa a bakin wata tsangaya da hantsi, na ga wani ɗalibin jami'a da tarin takardun tambayoyi a hammata, an tara masa yara a gindin bishiya, malaminsu na zaune a kan buzu ba nisa. Yana karanta tambaya da Turanci a zuci, yana juya ta da Hausa a baki, yana sa alama a akwati. Ya tambayi wani yaro ko yana ƙoshi, yaron ya saci kallon malam, ya ce, "E, alhamdu lillahi." Ya tambaye shi ko ana dukansa, ya ce a'a. Cikin minti kaɗan aka gama da shi aka kira na gaba. Da ɗalibin ya tashi tafiya, yaron ya bi shi har bakin hanya ya ce, "Yaya, in an rubuta sunanmu, yaushe za a kawo?" Ɗalibin bai yi mugunta ba, abin da aka koya masa ya yi; amma amsar da ya tafi da ita 'yar'uwar amsar majinyacin Landan ce a bakin gadonsa, za ta kuwa shiga kundi ta zama adadi, wani ya kafa hujja da ita. Haka ake yi wa 'yan gudun hijira a sansani, da matan da ke jinyar yoyon fitsari, da guragu a bakin masallaci, har wasunsu sun haddace tambayoyin sun san amsar da ake so.

Alhali kuwa an gwada wata hanyar a ƙasarmu ta yi kyau. A Kano, wata mai bincike daga Jami'ar Oxford, Hannah Hoechner, ta yi aiki da almajirai tara, da taimakon cibiyar Goethe, suka tsara labari da kansu, suka riƙe kyamara, suka fito a ciki, aka sami fim ɗin Duniya Juyi Juyi a 2011. Da aka ba su bakin magana, abin da suka fi nunawa shi ne raini da zagi da cin zalin da suke sha a gidajen da suke wa aikatau, da ƙishirwarsu ga a ɗauke su mutane masu neman ilmi. Mu kuma muna da abin da Turawan Le Court suka yi shekaru suna fafutukar ginawa, don tun zamanin sarakunan da, makafi da kutare da guragu na garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, masu sanin jama'arsu ɗaya ɗaya, masu sulhu da kai kuka fada. Ga kuma ƙungiyoyin zamani na masu buƙata ta musamman, da na waɗanda shan inna ya taɓa, waɗanda suka shiga unguwanni suna roƙon iyaye su bari a ɗiga wa yara rigakafi, aka saurare su inda aka kori ma'aikaci. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2008, Nijeriya a 2010, a watan Janairu na 2019 kuma aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya.

Saboda haka ina roƙon shugabannin sassan da ke koyar da wannan aiki a jami'o'inmu da kwalejojinmu, da malaman da ke duba kundin ɗalibai, kada a bar ɗalibi ya fita da takardar tambayoyi sai ya zauna da mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda zai tambaya sun gyara masa ita da Hausa, kuma in ya gama ya koma ya karanta musu abin da ya samu kafin ya kai wa malaminsa. Cikin zangon karatu mai zuwa a gayyato Sarkin Makafi na garin, da matar da ta warke daga yoyon fitsari, da magidancin da ya tashi a gidan marayu, da gardin da ya sauke a tsangaya, a zauna da su tun wajen tsara darasin, a aika musu abin hawa, a sa sunansu a jadawali cikin sunayen malamai, a kuma biya su abin da ake biyan duk malamin da aka gayyato daga waje.